Ranar da Sunan Seu Genival Ya Yi Datti

Litinin ce. Rana ta ƙwalle a garin Caruaru tun da hantsi, ba iska, ba gajimare.

Akwai wani tsoho a unguwarmu, Seu Genival, direban bas ne da ya yi ritaya. A wajenmu Seu kamar a ce Malam ne, Dona kuma Malama. Ranar yana zaune a ƙofar gidansa kan kujerar roba, riga a buɗe, kamar kullum. Daga ciki ana jin ƙarar keken ɗinkin matarsa, Dona Zuleide, mai ɗinka wa 'yan kasuwa wandunan jins, su biya ta a kan kowane wando.

Ba shi da mota, ba shi da gona. Abu ɗaya yake da shi wanda kusan duk layin ba mai irinsa: suna mai tsabta. A nan in ka ci bashi ka kasa biya, sai a sa sunanka cikin masu datti, daga nan ko cokali ba kantin da zai ba ka bashi. Shi kuwa fanshonsa na shigowa duk wata ba fashi, don haka banki ya ba shi katin bashi, kuma duk shekara sai su ƙara masa iyakar abin da zai iya ci, ba tare da ya roƙa ba.

Sai layin ya koma aron sunansa. Mai son firij, mai son talabijin, mai son injin wanki, duk wajensa ake zuwa.

"Seu Genival, ara mini sunanka."

Su tafi kanti tare, ya miƙa katin, a raba kuɗin kashi goma, mai kaya ya riƙa kawo masa nasa duk ƙarshen wata. Ba ya cin ko kwabo a kai. Gaisuwa yake ci. Yana son ya ji an ce "ga bankin layi nan tafe" in ya nufi teburin wasan domino da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

A wannan teburin ne ya taɓa tozarta maƙwabcinsa Nivaldo, mai fenti. Nivaldo ya ja shi gefe, ya roƙe shi a hankali ya ara masa suna ya sayi injin fesa fenti. Tsohon bai amsa a gefe ba. Sai da ya koma kujerarsa, ya buga domino a tebur, sannan ya ɗaga murya.

"Kai? Naka sunan ko an jiƙa shi kwana uku a ruwan sabulu ba zai fita ba. In ba ka nawa ka dawo mini da shi yana wari?"

Aka kwashe da dariya. Nivaldo ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ɗauki bokitinsa ya tafi.

A cikin gida kuwa akwai damuwa. Ciwon suga ya fara cin idon Dona Zuleide. Na hagu ya riga ya dushe. Likita ya ce in aka yi wa na dama aiki cikin watannin nan za a cece shi, in aka yi jinkiri kuwa shi ma zai bi ɗan'uwansa. Asibitin gwamnati kyauta ne, amma layinsa ba a ganin ƙarshensa. Asibitin kuɗi ya nemi kuɗinmu reyal dubu biyar, kuma sun yarda a biya da kati kaɗan-kaɗan. An sa musu rana cikin watan Yuli. Akwai sauran wuri a katin da zai ɗauki wannan, daidai wa daida.

To, a wannan Litinin ɗin sai ga Josimar ya ɓullo da abarba a hammata. Seu Genival ne ya riƙe ɗan Josimar a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre. A wajenmu kompadre ba a ce masa a'a da sauƙi.

"Kompadre! Bankin layi da kansa! Tumbin nan ƙara girma yake ko idona ne?"

"Yana nan inda ka bar shi. Me kake so?"

"Haba, mutum ba zai zo gaisuwa ba sai da buƙata?"

"Ka zo da abarba. Ranar da ka kawo abarba ta ƙarshe, taya huɗu na saya maka."

"Ban biya ba?"

"Ka biya."

"To ka gani!"

Josimar ya tsugunna kusa da kujerar. Bikin São João ya ƙarato, wata guda cur za a yi ana kiɗa da rawa a kowace unguwa. Ya ga manyan lasifikoki a kanti, reyal dubu biyar. In ya same su zai riƙa ba da haya kowace rana. Kafin Yuni ya ƙare zai kawo kuɗin gaba ɗaya a dunƙule, ba ma sai an jira kashi-kashi ba.

Keken ɗinki ya yi shiru a ciki.

"Tsoho," in ji Dona Zuleide, "zo ka sa mini zare."

Ya shiga. Ta miƙa masa bakin zaren, ba ta ɗago kai ba.

"Idon fa?"

"Sai Yuli. Kafin nan ya biya."

"In bai biya ba?"

"Kompadrena ne, Zu."

"Ni kuma mece ce taka?"

Ya zura zaren a allura ya fita. Maganar gaskiya, da niyyar ya ce a'a ya fito. Amma 'yan domino sun riga sun hallara a ƙarƙashin mangwaro, duk kunnensu na nan. Josimar kuwa ya san mutuminsa. Sai ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya ce da ƙarfi:

"In ba hali ka faɗa mini kawai, kompadre. Dama na ji ana cewa katin naka ya cika."

"Wa ya ce?"

"Mutane dai."

Seu Genival ya ɓalle maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Mu je."

Bikin ya zo ya wuce. Lasifikokin sun yi aiki, har daga gida ana jin ruguginsu. Da Yuni ya ƙare Josimar ya kawo ɗari biyar, ya ce masu haya ba su gama biyansa ba, a yi masa haƙurin mako guda. Makon ya cika, wayarsa a kashe. Tsohon ya taka har gidansa, ya tarar da matarsa tana shanya, idonta a kumbure.

"Ya tafi São Paulo neman aiki, kompadre."

"Lasifikokin fa?"

"Akwai wani da yake binsa bashi tun bara. Ya zo da ƙarti biyu, suka kwashe." Ta matse rigar da ke hannunta. "Kai ai ba za ka karya masa ƙafa ba. Su za su karya."

Ya tsaya yana kallon igiyar shanya. Can ya juya ya tafi.

Kuɗin lasifikokin ya toshe katin, ba sauran wurin aikin ido. Da ya koma gida ya ce wa matarsa likitan ya yi tafiya, an ɗaga ranar. Ta ce to.

Da takardar banki ta zo, sai ya ga abin da bai taɓa kulawa da shi ba, don shi a da duka yake biya. Lamba biyu ce a jiki. Ta sama babba, abin da ake binsa a watan. Ta ƙasa ƙarama, mafi ƙarancin abin da za su karɓa. Ya ɗauka sassauci ne suka yi wa masu mutunci irinsa. Ya biya ƙaramar, ya ji sanyi a ransa.

Wata na gaba babbar lambar ta ƙara girma. Ya sake biyan ƙaramar. Ta sake girma. Ragowar da yake bari ita ake ɗora wa kuɗin ruwa, ruwan ma a ɗora masa nasa ruwan, ga kuma sabon kashin lasifikoki yana hawa kai duk wata. Kamar mai kwasar ruwa daga kwalekwalen da ya huje.

Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi banki. Wata ma'aikaciya ta karɓe shi da fara'a, har da ba shi kofi. Ta ce abin mai sauƙi ne, za su ba shi rance a kan fanshonsa ya rage na katin, su riƙa cira tun kafin kuɗin ya iso hannunsa. Ya sa hannu. Da fanshon ya zo a gutsure, bai kai su ƙarshen wata ba. Sai shinkafa da wake da garin rogo da maganin sugar Dona Zuleide suka koma kan katin. Ramin da ya cike da safe, shi yake haƙawa da yamma.

Wata rana ko ƙaramar lambar ya kasa biya.

Daga nan waya ta fara. Da safe, da rana, lokacin cin abinci. Muryoyi daban-daban, magana ɗaya. Yakan fita bayan gida ya amsa, yana rufe baki da hannu: "Na ji, 'yata. Zan biya. Na ji." Daga baya ya daina ɗauka, sai ya kifa wayar a kan tebur tana ta ɓari.

Magana ba ta kwana a layinmu. Da aka ji bankin layi ya karye, biyu daga cikin masu kawo masa kuɗin wata suka ɗauke ƙafa. Ya je wajen Dona Marinalva, wadda firij ɗinta ke kan katinsa, saura kashi huɗu. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Seu Genival, ba ƙi na yi ba. Amma ko na ba ka, a rami za ka zuba. Banki ya haɗiye, kai ba ka fita ba, ni kuma 'ya'yana su kwana da yunwa. Bari abubuwa su daidaita."

Daga inda yake tsaye yana jin gurnanin firij ɗin a cikin kicin. Ba takarda tsakaninsu, ba shaida. A idon banki shi ya sayi firij, shi ya sayi talabijin, shi ya sayi lasifikoki. Sunansa ne a kai.

Ya daina zuwa domino.

Wajen ƙarshen shekara Dona Zuleide ta sa aka kira mata asibitin kuɗin da kanta, aka ba ta sabuwar rana. Ta gaya masa suna cin dambun masara da safe. Ya ce a ransa asibitin na da nasu tsarin biya kaɗan-kaɗan ba da kati ba, wataƙila a dace. Suka hau bas, yana riƙe da gwiwar hannunta.

Matar da ke karɓar kuɗi ta nemi lambar shaidarsa, ta danna a na'ura. Ta dubi abin da ya fito. Sai ta rage murya, don mai kirki ce.

"Baba, akwai matsala a sunanka."

"Wace iri?"

"An sa shi cikin jerin masu datti. Ba zan iya buɗe muku bashi ba. Sai dai ku biya duka yanzu, ko ku kawo wani mai tsabtataccen suna."

Shekara talatin yana tuƙa bas, bai taɓa buge ko akuya ba, amma ranar sai ga sunansa ya yi datti. Dona Zuleide ce ta laluba ta kama hannunsa.

"Mu je, tsoho. Mutane na jira a bayanmu."

Suka hau bas, har suka kusa unguwa. Sannan ta ce, tana fuskantar taga:

"Na daɗe da sani."

"Zu..."

"Ido ne ya mutu, ba kunne ba. Likitan da ya yi tafiya ba ya sa waya kuka sau goma a wuni."

Suka je suka rubuta sunanta a asibitin gwamnati. Aka ce su koma gida, za a kira su. 'Yarsu da ke aure a Recife ta yi kuka a waya, amma ita ma sunanta da na mijinta sun daɗe da yin datti. Ya bi 'yan domino ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tausaya, kowa ya buɗe tafin hannu. Dama ai don ba su da suna suke aron nasa.

Mutum ɗaya ya rage a layin. Nivaldo mai fenti ya yi shekaru yana biyan tsohon bashinsa da kaɗan-kaɗan har ya wanke sunansa. Yanzu yana da kati, yana da injin fesa fenti, har da 'yar tsohuwar mota.

Seu Genival ya yi kwanaki yana wucewa ta ƙofar gidan bai tsaya ba. Wata Asabar ya tsaya. Ya tarar da shi yana wanke burushi a bakin famfo.

"Sannu da aiki, maƙwabci."

"A'a, Seu Genival. Yau a gidan masu wari?"

Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Na cancanci wannan. Faɗi sauran ma, zan tsaya in ji. Amma ba don kaina na zo ba. Idon Zuleide ne. Nivaldo, ara mini sunanka."

Nivaldo ya rufe famfon. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Zauna, Seu Genival."

"A tsaye ma ya isa."

"Ba zan ce ban riƙe ka a zuciya ba. Na riƙe. Amma ba shi ne dalili ba, Allah ya gani. Gaya mini, da me za ka biya? Fanshonka an gutsure. Waɗanda kake bi sun ƙi. In na sa katina, wata na farko ka kasa, na biyu ka kasa, sai mu zama mu biyu a ramin. Na taɓa zama a cikinsa, na san warinsa. 'Ya'yana uku."

"Zan sayar da talabijin."

"Nawa za a saya?"

Nivaldo ya ci gaba:

"Ranar da aka wanke sunana na rantse wa matata ba zan ara wa kowa ba, ko uwata ce ta taso daga kabari. Da na ga abin da ya same ka kuma, na ƙara rantsewa. Gemunka na gani ya kama da wuta."

Ya shiga ciki, ya fito da reyal ɗari uku a naɗe, ya cusa masa a aljihun riga.

"Wannan ba bashi ba ne. Kada ka dawo mini da shi, kada ka gaishe ni a kansa. Iyakar abin da zan iya rasawa ke nan in yi barci. Ranar da asibiti suka kira kuma, ka buga mini ƙofa, ni zan kai ku."

Seu Genival ya so ya mayar. Hannunsa ya kai aljihun, ya tsaya a nan. Maganin sugarta ya ƙare tun shekaranjiya.

Kiran asibiti bai zo ba sai da shekara ta juya. Kafin nan ɗinkin Dona Zuleide ya fara karkacewa. 'Yan kasuwa suka dawo mata da wanduna sau ɗaya, sau biyu, daga nan suka daina kawowa. Nivaldo ya cika alkawari, shi ya kai su a motarsa, ya jira a waje.

Likitan ya daɗe yana haska idon. Ya kashe fitilar ya juyo.

"Me ya sa ba ku zo tun bara ba?"

Seu Genival ya kawar da kai.

Likitan ya ce zai yi abin da zai iya, don kada hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Za ta riƙa bambance rana da duhu, ta ga inuwar mutum in ya gifta. Fiye da haka ya wuce.

Da yamma suna zaune a ɗaki, keken ɗinkin a rufe da zane. Wayarsa na ɓari a kan tebur. Bashin na nan, ya ninka, ba ranar biyansa. Josimar ko saƙo bai taɓa aikowa ba.

"Zu," in ji shi. "Ranar nan da kika ce in zo in sa miki zare..."

"Bar shi."

"Da niyyar a'a na fita."

"Na sani. Na ji lokacin da ka ɓalle maɓallan riga." Ta juyo wajen muryarsa. "Ba Josimar ka saya wa lasifika ba, tsoho. 'Yan domino ka saya wa."

Ya sunkuyar da kai. Ta bar shi haka, ba ta rarrashe shi ba, ba ta kuma ƙara masa ba. Can ta ce:

"Matar Nivaldo ta kawo tsummokin goge kwano a yi musu baki. Miƙaƙƙen ɗinki ne, hannuna ya san hanya. Ramin allurar ne ba na gani."

Washegari da safe Seu Genival ya fita ƙofar gida, ya ɗauko kujerar robar da ya yi shekaru yana karɓar gaisuwa a kanta. Ya shigo da ita ɗaki, ya ajiye kusa da keken, ya yaye zanen. Ya sa tabarau, ya lashi bakin zaren, ya kai shi ga allura. Zaren ya kauce. Ya sake, ya kauce. A na uku ya shiga.

"Ya shiga, Zu."

Ta laluba ta ɗora ƙafa a kan feda. Shi kuma ya kama ɗaya gefen tsumman, yana miƙe mata shi.

Darasi: Wanda ya ara wa wani sunansa, bashin nasa ne, ko da kayan na gidan wani. Kada ka ba da aron abin da ba za ka iya rasawa ba, kada kuma ka ɗauki haƙƙin na cikin gida ka sayi yabon na waje, don ranar biya masu tafi ba sa nan. In za ka taimaka, ba da abin da ke hannunka ka manta da shi, ya fi ka ɗauko wanda ba ka da shi. Ku tura wa wanda kuka san kunya ba ta barinsa ya ce a'a.